Sadin ɗin Halti Tamu da Rantsuwar Ammi Allal

Duk wanda ya ce muku Halti Tamu mai haƙuri ce, ku tambaye shi ko ya taɓa gwada sayar mata da kifin jiya. Da idona na gani a kasuwar garinmu Asfi, ta ɗaga sadin ɗaya ta wutsiya, ta ƙura masa ido, sannan ta dubi mai tebur ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ya girme ka. Ka gaishe shi da safe kuwa?" Aka kwashe da dariya, yaron ya sunkuya ya jawo mata akwatin da ya ɓoye a ƙarƙashin tebur. Ƙanwar mahaifiyata ce, shi ya sa nake ce mata Halti, mijinta kuma Ammi Allal, wato baffa Allal. Ni sunana Miluda. Tun da na yi aure nake zaune a saman benen gidansu, don haka ba abin da ake soyawa ko ake faɗa a ƙasa da ba ya hawowa ya same ni.

Daga ƙauye ta zo tana budurwa, zamanin da kamfanonin kifin gwangwani suka jeru a bakin teku. Lokacin ba agogo ke tashin mata aiki ba, jiniya ce. Da jirage sun shigo da kifi za a busa ta, kowace mace ta ajiye abin da take yi ta ruga, ko da kuwa kwaɓin gurasa ne a hannunta. A can Halti ta ƙarar da ƙuruciyarta a tsaye cikin ruwan sanyi. Har gobe ba ta sa wa sadin wuƙa. Da babban yatsa take tsinke kai ta zaro hanji a jan farko, kafin ki ce bismillah ta gama da uku. Yatsun sun karkace, ba sa shiga zobe, ita kuwa ko a jikinta. Cewa take, "Zobe na masu zaman banza ne."

A nan ta haɗu da Ammi Allal. Shi jan taru yake yi a jirgin wani, bai taɓa zama rayis ba, wato mai jan ragamar jirgi, amma tun ranar farko Halti ta laƙaba masa sunan don tsiya, ya kuma bi shi har tsufa. Ya kawo akwatin kifi ya dire da ƙarfi, ta ce, "Sannu Rayis, kifin ka kawo ko dakakken yaji?" Ya ce, "Ke 'yar gwangwani, bakin nan naki ya fi ƙayar kifi." Kashegari ya dawo da sadin mai kyau a ƙunshe ya miƙa mata. Ta kai gida ta yi masa irin wanda muke kira ma'aurata: a buɗe biyu a zare ƙaya, a shafe cikinsu da tafarnuwa da barkono da ganye da lemun tsami, a manna su ciki da ciki, a ɗora a kan gawayi. Ya ci, ya suɗe yatsu, bai cika wata ba ya turo manyansa.

Kowane ma'aikacin jirgi yana komawa gida da rabonsa na kifi, ko an samu kuɗi ko ba a samu ba. Da wannan rabon suka raini 'ya'ya uku. Sadin da safe, sadin da rana, in an gaji da gasashe a soya, in an gaji da soyayye a niƙa a mulmula. Ba wanda ya rame.

To amma mu mutanen Asfi muna da wata wauta tamu ta kanmu. Garin nan a kan sadin aka gina shi, amma da mutum ya samu ɗan abin hannu, abu na farko da zai yi shi ne ya daina gasa shi a ƙofar gida, don kada maƙwabta su ga hayaƙi su ce har yanzu yana nan inda yake. Kunyar abin da ya raine mu muke ji. Ni abin nan yana ci mini rai, wallahi.

Babban ɗansu Abdulhadi ya samu aiki a Italiya, ya kuma ga yarinya 'yar wani babban gida a can cikin ƙasa, nesa da teku. Aka shirya tafiya neman aure. Ammi Allal ya ɗinka sabuwar jallabiya, ya shiga gidan wanka har sau biyu, ya zuba turare kamar zai sayar. Muna zaune a falon iyayen yarinyar ana zuba shayi, sai wata gwaggon yarinyar, mai awarwaro har gwiwar hannu, ta ɗan ɗaga hanci ta ce da ta kusa da ita, da muryar da ta tabbatar kowa zai ji, "Af, ashe har falo aka kawo mana teku." Na yunƙura zan ba ta amsa, Halti ta danne mini cinya. Ammi ya shanye shayinsa, aka yi addu'a, aka ba da yarinya.

Da muka dawo, yunwa ta ci kowa, Halti ta hura gawayi ta jera ma'aurata. Ammi ya tsaya a tsakar gida da sabuwar jallabiyarsa, ya dubi hayaƙin, ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, sadin ba zai ƙara shiga bakina ba har in koma ga Mahaliccina."

Halti ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Madalla, Rayis. An rage mana baki ɗaya."

Mun ɗauka abin na mako guda ne. Ya haura shekara goma. Abdulhadi yana aiko da kuɗi, sai Ammi ya koma cin abincin manya: da safe ƙwai da naman nan da ake adanawa cikin kitse, da rana tajin na rago, dahuwarmu ta kasko mai murfi, yana ninƙaya a man shanu. Ya yi tumbi, ya yi wuya, ya sayi carbi mai tsada. Ya kuma faɗaɗa rantsuwar da kansa, wai duk abin da ya fito daga taru ɗan'uwan sadin ne. Halti kuwa ta kwashe kaskon gawayinta ta hawo rufin bene wurina, muna gasawa muna ci kamar ɓarayi, iska tana kwashe hayaƙin zuwa gidan liman.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne kawai. Sai ciwon Si Bujuma'a ya zo. Shi ne yayan Ammi, uwa ɗaya uba ɗaya. Gigin tsufa muka kira abin da farko, muna ma tsokanarsa. Ya fara da manta inda ya ajiye makulli, ya koma manta raka'a nawa ya yi, ya koma manta hanyar gida. Ran nan muna zaune da Halti a ɗakinsa, matarsa Lalla Haniya ta shigo da kwanon miya, matar da suka yi rabin ƙarni tare. Ya dube ta da ladabi ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema a gidan nan?" Lalla Haniya ta ajiye kwanon a hankali ta fita, muka ji kukanta daga madafa. Daga ƙarshe har haɗiya ya manta yadda ake yi, a haka ya rasu.

A hanyarmu ta dawowa daga zaman makoki Halti ta kama hannuna ta ce, "Miluda, na ɗauki talauci, na ɗauki sanyin kamfani, na ɗauki taurin kan mutumin nan. Amma ranar da Allal ya dube ni ya ce baiwar Allah, ku fara haƙa nawa kabarin." Ban taɓa jin tsoro a muryarta ba sai ranar.

Ba a yi shekara biyu ba muka fara gani a wurin Ammi. Shi ke kai gurasar gida wurin mai gashi na unguwa ya karɓo. Kowane gida da tirensa da mayafin rufinsa, ko makaho ya san nasa. Sai ga Ammi da tiren gidan wasu. Aka yi dariya aka mayar. Ya sake. Karo na uku mai gashin ya aiko a gaya mana wai Si Allal ya zo ya tsaya a bakin tanda, ya ce a tuna masa abin da ya kawo shi. Wani maƙwabci kuma ya kawo masa taru ya gyara masa, aikin da yake yi ido a rufe, Ammi ya ɗauki zare ya riƙe, hannun ya tsaya cak. Ya ce zaren ne ba shi da kyau.

Muka ja shi asibiti, yana ta mita a tasi. Likitar yarinya ce ƙarama mai fara'a, ta yi masa tambayoyi, ta sa ya zana agogo, ta aika shi hoton kai. Da muka koma karɓar sakamako ba ta ɓoye mana ba, ta ce farkon ciwon mantuwa ne, ta rubuta magani, ta ce ya riƙa tafiya a ƙasa yana shiga mutane. Sannan ta tambaya me yake ci. Halti ta zayyana mata tun daga karin kumallo. Likitar ta dafe kai.

"Lalla Tamu, in tajin ɗinku ya huce, me kike gani a samansa?"

"Farin kitse, 'yata. Daskararre, sai ki rubuta sunanki a kai."

"To shi nake so a rage. Akwai man da ke daskarewa in ya huce, akwai wanda ba ya daskarewa, irin na riɗi, da na 'ya'yan itacen argan, da na gyaɗa, da na kifi mai maiƙo. Masu bincike sun bi mutane da yawa shekara da shekaru, sun lura waɗanda suka fi cin irin wannan na biyun ba su cika mutuwa da ciwon nan kamar sauran ba. Ki ji ni da kyau fa, ba magani ba ne, ba kuma alkawari nake yi miki ba. Amma kuna zaune a Asfi, sadin ya fi ruwan kwalba araha. Me zai hana?"

Ammi ya gyara zama ya ce, "Likita, akwai rantsuwa."

"Ta me, Ammi?"

"Tsakanina da kifin ne."

Likita ta lissafa abu huɗu ko biyar, ta kuma ce ba magani ba ne. Halti abu ɗaya ta ji: sadin. Ta dai yi sauran, ta ɓoye tulun man shanu a ɗakina, ta koma barbaɗa riɗi a kan komai har Ammi ya ce ko an mayar da shi tattabara ne. Amma a zuciyarta ta gama yanke hukunci cewa tsakanin mijinta da kalmar baiwar Allah ba abin da ya rage sai kifin nan, kuma sai ya shiga bakinsa ko ana ha-maza ha-mata.

Ta fara da dabara. Ta niƙa sadin ta cakuɗa da niƙaƙƙen naman sa, ta zuba kayan ƙamshi har idona na hawaye, ta mulmula ta dafa cikin tumatir. Ni na ɗanɗana, na rantse mata ko aljani ba zai gane ba. Ammi ya zauna, ya ɗaga murfin tajin, ya ja numfashi sau ɗaya, ya mayar ya rufe.

"Tamu."

"Na'am, Rayis."

"Wannan saniyar a wane jirgi aka kamo ta?"

Na tuntsire da dariya har na ƙware. Halti ta harare ni ta ce in tashi in ba mutane wuri, munafuka.

Ta koma tsokana. Ta sauko da kaskon gawayi daga rufi ta kafa shi daidai tagar ɗakinsa, tana fifita hayaƙin ciki, tana ci tana santi da ƙarfi. "Kai, Miluda, ji maiƙo! Wannan na kaka ne, ya ƙoshi. Allah sarki, wasu sai dai hanci." Ammi ya fito da carbinsa ya wuce masallaci tun ladan bai yi alwala ba. A watan nan ba wanda ya kai shi samun sahun farko.

Ta je ta samu liman. Liman ya ce ai abu mai sauƙi ne, ya ciyar da miskinai goma ya ci kifinsa, Allah ba ya son bawa ya cuci kansa. Ta dawo da murna ta faɗa masa. Ammi ya ce, "Na san wannan tun limamin yana tsotson yatsa. Ba hukuncin ne ya hana ni ba. Na faɗi magana a tsakar gidana, a gaban iyalina. In na janye, matar nan mai awarwaro ta yi gaskiya ke nan." Halti ta ce, "Matar da ta mutu tun bara waccan? Da gawa kake gardama?" Ya ce ko a kabari take ba za ta ji ya ci ba.

Ni ma na sa hannu. Na sayo ƙwayoyin man kifi a kantin magani, muka juye su a kwalbar maganin hawan jini. Ya haɗiye kwana biyu lafiya. Rana ta uku shaiɗan ya sa ya tauna ɗaya. Daga bene na jiyo shi: "Tamu! Har riga kika ɗinka wa kifin?"

Haka aka yi ta yi kusan shekara. Muna dariya, amma ina ganin Halti tana ramewa. Kullum da safe in ta kai masa shayi sai ta tsaya a kansa ba ta ajiye ba, har sai ya ɗago ya ce, "Tamu, ajiye mana, ko sai ya huce?" Sannan ta ajiye. Na daɗe ban gane ba, ashe sunan take jira.

Ran wata Lahadi da hantsi muna rufin bene, ta gaji da yaƙi ta ce yau don kanmu za ta gasa. Ta jera ma'aurata, maiƙo yana ɗiga a gawayi yana tartsatsi. Sai muka ji takun Ammi a matakala, shi da ya yi shekaru bai hau nan ba. Ya fito yana haki, ya ce yana ta nemanta a ƙasa. Ya ja kujera ya zauna kusa da faranti. Yana ba mu labarin wani jirgi da aka sabunta wa fenti, sai kawai ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya kai baki. Ya tauna. Ya ɗauki na biyu. Ya lumshe ido.

"Kai, Tamu! Me ya sa kika daina yi mana wannan? Rowa ce ta kama ki da tsufa?"

Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Na juya in ga murnar Halti, sai na ga mafici ya faɗi daga hannunta. Fuskarta ta koma irin ta Lalla Haniya ranar kwanon miya. Ta miƙa hannu a hankali ta janye farantin daga gabansa.

"Rayis, ka tuna abin da ka faɗa ranar da muka dawo daga neman auren Abdulhadi?"

Ya yi ɗan murmushi yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. "Me na faɗa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Halti! Shekara guda kina neman wannan, yau Allah ya kawo, ki bar bawan Allah ya ci mana!"

Ta ce, "Rufe mini baki, Miluda. Ni so nake shi ya ci. Wannan ba shi ne ya ci ba, mantuwa ce ta ci masa."

Ta juya ta faɗa masa komai, ba ta rage ba: falon, awarwaron, sabuwar jallabiya, yatsan da ya ɗaga sama. Ina kallon fuskarsa abin yana dawo masa kaɗan-kaɗan. Ya dubi yatsunsa masu maiƙo ya daɗe. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya tashi ya sauka yana dafa bango. Ranar ba wanda ya ƙara taɓa kifin, kyanwoyin unguwa suka yi biki.

Kashegari ya fita sallar asuba bai dawo ba. Rana ta fito, shayi ya huce, shiru. Halti ta hawo tana buga mini ƙofa, lulluɓinta a karkace. Duk mun tuna yadda aka riƙa tsinto Si Bujuma'a a bayan gari. Muka duba masallaci, muka duba wurin mai gashin gurasa, muka duba shagon shayin da tsofaffin masunta ke zama. Tana tafe tana cewa, "Ni na jawo. Da na bar shi ya ci abinsa." A shagon ne wani ya ce ya gan shi da sassafe ya nufi tashar jirage, rungume da wani abu kamar kasko.

Tun daga nesa muka hango hayaƙi, baƙi ƙirin, ba irin na wanda ya iya ba. Ga Ammi Allal a tsugune inda ake sauke kifi, ya naɗe hannun jallabiya, kaskon Halti a gabansa, akwatin sadin a gefe, ga gurasa a tule. Ya tara mutane sun zauna a jere: 'yan dako, da wata tsohuwa mai bara a ƙofar tasha, da wasu samari da suka kwana a cikin kwale-kwale. Kowa yana riƙe da abin da ya fi kama da gawayi yana ci don kara.

Ya ɗago ya gan mu, ko kunya babu. "Yauwa, Tamu, zo ki karɓa. Ina ta ƙona wa bayin Allah kaffara."

Halti ta tsaya a kansa tana huci. Na ɗauka za ta rufe shi da faɗan fita ba sallama. Shi ya riga ta.

"Ni na ɗaure ta, ni zan kwance ta, tun ina sane. Jiya an riga ni. Ba za a ƙara ba."

Ta dube shi. Can ta fizge maficin daga hannunsa ta ture shi gefe da gwiwa. "Matsa can. Ka tsufa a teku ba ka iya juya kifi ba, wai Rayis. Ku kuma ku zubar da wannan, kada ku mutu a ce mijina ne." Ta tsuguna, babban yatsan nan ya fara aiki. Ta aike ni na sayo tafarnuwa da lemun tsami da ganye. Hawaye na zuba har haɓarta, tana cewa gawayin nan jiƙaƙƙe ne, wane mugu ya sayar masa. Da kowa ya ƙoshi, ta zaɓi ma'aurata mafi ƙiba ta ɗora a kan gurasa ta miƙa masa. Ya yi bismillah da ƙarfi yadda har na cikin jirgi za su ji, ya ci a gaban duk Asfi.

Ba zan ce muku ya warke ba. Likita ta faɗa tun farko, kuma gaskiyarta. Mantuwar tana nan tana tafiya, a hankali dai. Ko kifin ne ya rage mata gudu, ko maganin, ko tafiyar da yake yi, Allah ne masani. Ni ba zan rantse ba, rantsuwa ɗaya ta ishi gidanmu. Abin da na sani shi ne tumbin ya sauka, kuma kaskon gawayi ya dawo ƙofar gida, duk mai son ganin hayaƙi ya gani.

Sai dai ciwon nan yana da nasa barkwancin. Ammi ya riƙe rantsuwar daram, amma ya manta ya biya. Bayan 'yan makonni ya tashi da safe ya ce, "Tamu, akwai kaffara a kaina, ɗauko kasko." Na buɗe baki zan ce ai an yi, Halti ta take mini ƙafa har sai da na ga taurari. Ta ce, "To Rayis, bari in daka tafarnuwa." Tun daga nan abin ya zama al'ada. Mutanen tasha sun gane, da sun hango tsoho da kasko da tsohuwa a bayansa tana masa faɗa sai su fara wanke hannu. Sun fi goma nesa ba kusa ba. Ammi yakan ƙirga goma, ya rikice, ya sake farawa daga wani gefen, ba mai gyara masa. Abdulhadi ya bugo waya yana cewa wai me mutane za su ce, Halti ta ce ya gaya wa mutanen su zo da gurasarsu.

Makon jiya na raka su. Kwana biyu kafin nan Ammi bai cika magana ba, ni ma ya kira ni da sunan mahaifiyata, don haka Halti ba ta cikin walwala, ko mai kifin ba ta tsokana ba. Tana fifita wuta, shi yana zaune a kan akwati yana miƙa wa mutane. Wani sabon ɗan dako, baƙo ne daga kudu, ya ci ɗaya ya girgiza kai.

"Kai, Baba, Allah ya karɓa. Wace ce wannan mai hannun albarka?"

Ammi ya juya ya dubi Halti. Ya dube ta, ya ƙara dubanta, bakinsa a ɗan buɗe. Na ga maficin ya tsaya a iska. Ni kaina ina ta addu'a a zuci, ya Allah ba yau ba, ba a nan ba.

Sai ya yi tsaki, kamar an tambaye shi ina teku take.

"Wannan? Kai baƙo ne lalle. Tamu ce, 'yar gwangwani. Matata ce. Ka kiyaye ta, kada ka kuskura ka sayar mata da kifin jiya."

Aka yi dariya. Maficin ya ci gaba da kaɗawa. Halti ba ta ɗago ba, sai ta ɗan matso kusa da ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin ji ko? Yau ma ya faɗa."

Sannan ta goge ido da gefen lulluɓi, ta ɗaga murya ta ce, "Rayis, surutu ka zo yi ko rabo? Miƙa wa yaron nan wani kafin ya huce."